Ƙarya a shafin farko, gyara a lungu

A ranar 4 ga Yulin 2024 jaridar Daily Trust ta buga a shafinta na farko cewa yarjejeniyar Samoa da Najeriya ta sa wa hannu ta ƙunshi amincewa da 'yan luwaɗi da maɗigo. Cikin 'yan kwanaki magana ta hau mumbari, ta cika rediyo da WhatsApp, Arewa ta ɗauki zafi. Gwamnatin Tarayya ta kai ƙara gaban hukumar sauraron ƙorafi kan kafofin yaɗa labarai, wadda masu jaridu da editoci da ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ suka kafa a 2023 ƙarƙashin Emeka Izeze. A watan Satumba hukumar ta ce labarin ba daidai ba ne, daga baya kuma jaridar ta nemi afuwa.

Madalla. To amma wa aka yi wa wannan adalci? Gwamnati, mai ministoci da lauyoyi da bakin magana. Ina ɗan kasuwar da aka buga hotonsa aka ce ɓarawo ne kafin alƙali ya buɗe baki? Ina yarinyar da aka yi wa fyaɗe, aka bayyana sunanta da unguwarsu don labari ya yi armashi? Waɗannan wace ƙofa za su ƙwanƙwasa? Shiga kasuwar Kwari ka tambayi mutum goma inda ake kai ƙarar jarida, ka ga kallon da za su yi maka.

Ba dokoki muka rasa ba. Tun 1992 aka kafa Majalisar Kula da Aikin Jarida. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun wajabta gyara kuskure cikin gaggawa da bai wa wanda aka zarga damar mayar da martani. Abin da muke gani shi ne kanu da manyan baƙaƙe, sannan gyara layi uku a ƙasan tallar sauya suna. A intanet ma sai a goge labarin cikin dare, kamar ba a yi ba. Wannan rainin hankali ne!

Kuma mu 'yan jarida muke fara kuka idan mai mulki ya aiko 'yan sanda da dokar laifukan intanet ta 2015. Kama ɗan jarida zalunci ne, ba na ja. Amma gidan da ya ƙi sauraron talaka, wa zai tsaya masa ranar da aka zo kulle shi?

Kowace jarida ta naɗa mai karɓar ƙorafi, ta riƙa buga lambarsa kullum. A karɓi ƙorafi da Hausa, ko da saƙon murya ne. A sa wa'adin amsa. Gyara kuma ya fito a shafin da aka yi ɓarnar, da girman baƙin da aka yi ta. Editan da ya ga wannan ya yi masa nauyi, ya daina yi wa gwamnoni wa'azin riƙon amana.