Wa zai tsaya wa Baba mai gadi?

Kwanan baya wani dattijo maƙwabcinmu a Garin Malam ya yi sallama gidanmu bayan magariba. Shekara bakwai yana gadin wani shagon siminti, rana ɗaya aka ce masa ya ajiye tocila ya tafi, ga albashin wata biyu bai shiga hannunsa ba. Ya ce mini: “Ɗiyata, ke da kika yi karatun shari'a, ina zan dosa?”

Wallahi kunya ta kama ni. Ina da lisansi, na haddace babi-babi da Faransanci, amma ban san ƙofar da ake fara ƙwanƙwasawa ba. Sai da na yi waya nan da can kafin na iya ce masa: “Baba, gobe mu je Inspection du travail.” Can ake fara neman sulhu tsakanin ma'aikaci da ubangidansa, in abu ya ƙi a wuce kotun ƙwadago, inda ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Dokar ƙwadago ta 2012 ta tanadi wannan. Tun farkon 2024 albashi mafi ƙanƙanta a Nijar ya koma jika 42 a wata, shi kuwa Baba jika 25 yake karɓa, yana ma godiya.

Abin da ke damuna ke nan. Rigimar da ke hana mutanen Damagaram barci ba ta manyan kamfanoni ba ce. Mace ce aka saka da dare, aka riƙe mata kayan ɗaki da yara. Mai gida ne ya ƙara kuɗin haya tsakiyar wata, ko ya cire ƙofa don ɗan haya ya fita da kansa. Saurayi ne ya tara kuɗin kabu-kabu ya sayi batirin sola a Kasuwar Dole, sati biyu ya mutu, mai shago ya ce kaya in sun fita sun fita. Duk waɗannan akwai doka a kansu: ta haya tun 1996, ta kare mai saye tun 2015. Wa ya taɓa karanta muku su da Hausa?

Garin nan yana da kotun ɗaukaka ƙara, amma mafi yawan lauyoyin ƙasar suna Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Wanda ake riƙe wa jika 50 ba zai ɗauko lauya daga can ba, kuɗin mota da masauki kaɗai sun cinye abin da yake nema. A 2011 an kafa hukumar ANAJJ don taimakon marasa ƙarfi a gaban shari'a, ƙungiyoyi irin su ANDDH da ta mata masana shari'a su ma sun daɗe suna horar da masu wayar da kai. Sun yi ƙoƙari. Sai dai ku tambayi mutum goma a unguwarku ko sun san inda za su same su.

Na san abin da wasu za su ce, an faɗa mini shi ido da ido: “Muna da mai unguwa, muna da malamai, muna da fada. Lauya raba zumunci yake yi.” Ban raina wannan magana ba. Fadar Damagaram tana raba gardama tun kafin Bature ya shigo, kuma dokar ƙasa ta amince wa sarakunan gargajiya su yi sulhu. Nijar har yau ba ta da kundin dokar iyali guda. A sha'anin aure, saki da gado, al'adar mutane ake bi, alƙali ya zauna da masana al'ada suna ba shi shawara. To ai wannan ne ma dalilin da ya sa nake cewa a horar da mutane a nan. Wanda zai tsaya wa matar da aka saka dole ya san fiƙihun Malikiyya da ake hukunci da shi, ya san sadaki nata ne, ciyar da ita cikin idda wajibi ne a kan miji, ya kuma san yadda ake rubuta sulhu a takarda don kada gobe a musa. Sulhun da ɓangare ɗaya ya shiga bai san haƙƙinsa ba, yawanci “ki yi haƙuri” ake tashi da shi. Haƙuri abu ne mai kyau, amma ban taɓa ganin an ce wa mai kuɗi shi kaɗai ya yi ba.

Ga abin da nake nema, kuma ba ya buƙatar sabon gini. Jami'ar André Salifou tana cikin garinmu. A buɗe horo na wata shida ko shekara ga waɗanda suka gama karatun shari'a suna zaune gida (muna da yawa, wasunmu na sayar da kati), kan abu huɗu kawai: iyali, ƙwadago, haya, ciniki. A koyar da Hausa tare da Faransanci, tunda kundin ƙasa na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. A kawo alƙalai, malaman fiƙihu da sufetocin ƙwadago su koyar. Rabin lokaci a aji, rabi a tabarmar mai unguwa da bencin kotu, ƙarƙashin idon lauya na gaske. Ba cewa nake mai horon wata shida ya sa baƙar riga ba, wannan yana da nasa jarrabawa. Amma rubuta ƙorafi, lissafa haƙƙin sallama, raka mutum ofis, gane ranar da magana ta fi ƙarfinka ka miƙa ta gaba, duk ana koyonsu.

Abu ɗaya da ke ba ni tsoro: kada mu ƙirƙiro sabbin dillalai a bakin kotu, masu karɓar na goro a hannun talaka. Dole a san sunan kowa a rajista, a san wa ke biyansa, a san inda ake kai ƙararsa in ya ci amana.

Shi Baba, zama biyu aka yi aka biya shi watanninsa biyu. Sauran haƙƙin shekara bakwai ana nan ana ja, don babu takardar ɗaukar aiki, sai shaidu. Mutum biyu daga layin shagon sun ce za su zo ranar Talata.