"Babu Madara" Bai Wadatar Ba

A kantunan Ingila da Amurka akan ga rubutu iri biyu a jikin kwalin abinci. Wani na nufin babu laktos, wani kuma babu dangin madara gaba ɗaya. A ganina, kuskure ne babba mai fassara ya mayar da su duka "babu madara".

Laktos sukari ne da ke cikin madara. Wanda cikinsa ba ya narkar da shi yakan yi fama da kumburin ciki da gudawa. Saboda irinsa ake zuba wa madarar shanu sinadarin laktes, ya farfasa sukarin. Amma fa furotin ɗin madarar yana nan daram. Yaron da jikinsa ke yi wa wannan furotin bore, idan ya kurɓa, numfashinsa na iya sarƙewa. Shi sai abin da ba a tatso daga dabba ba, kamar madarar waken suya.

Hausa ta bambanta madara da nono da kindirmo da man shanu da cuku. Bahaushen da aka ce wa "ban da madara" yana iya ɗauka nono ya halatta. Saboda haka, ɗalibi, in kana yi wa likita tafinta, ka lissafo su ɗaya bayan ɗaya.