Kwikwiyon Haski Ba Kayan Ado Ba Ne

A 'yan shekarun nan wani irin kare ya fara shigowa manyan biranenmu. Gashinsa yana da kauri, kunnuwansa a tsaye, idanun wasu shuɗaye ne kamar zaiba. Sunansa haski. Masu hali suna sayen kwikwiyonsa da kuɗi mai tsoka, yara kuma suna roƙon iyayensu a saya musu. Ni dai ra'ayina shi ne, kada kowa ya ɗauki kwikwiyon nan sai ya san abin da rainonsa yake bukata, domin karen aiki ne, kuma hannun da bai da haƙuri ba zai iya da shi ba.

Asalin haski daga arewa maso gabashin Saberiya ne, a ƙasar Rasha, wurin wata ƙabila da ake kira Cukci. Su suka raine shi tun kaka da kakanni don ya ja musu amalanken ƙanƙara, wato amalanke marar ƙafa da yake sulɓi a kan dusar ƙanƙara. Allah Ya yi masa riga biyu: gashi mai laushi a ciki, da dogo a waje. Jikinsa bai cika girma ba, amma yana iya yin yini guda yana gudu da kaya a bayansa. A farkon ƙarni na 20 aka ketare da shi zuwa Alaska, a ƙasar Amurka.

To, yaya ake rainonsa? Masana sun ce kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika mako 8, domin a wurinta da wurin 'yan'uwansa yake koyon iyakar cizo a cikin wasa. Daga nan sai a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa alluran rigakafi, har da ta ciwon haukan kare. Ana ba shi abinci kaɗan-kaɗan, sau 3 ko 4 a yini. A watannin farko ne ake saba masa da mutane, da ƙarar abubuwa, da sauran dabbobi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Horonsa kuwa, nan ne gizo yake saƙa. Haski yana da wayo, amma yana da taurin kai. Ba ya bin umarni don kawai an daka masa tsawa. Darasi gajere ake yi masa, kamar na minti 5, a maimaita kullum, in ya yi daidai a yaba masa nan take, a ba shi ɗan abin taɓawa. Kalma ɗaya ake riƙewa ga kowane umarni, kuma kowa a gidan ita zai faɗa. A Alaska mai tuƙa amalanke ba ya riƙe da linzami; murya kaɗai ce take juya karnukansa. In ya ce "ji" su yi dama, in ya ce "ho" su yi hagu. Ku duba, karen da aka saba wa sanda gudun mai shi zai yi, yaya za a yi ya saurari muryarsa a tsakiyar guguwa? Ba a kuma ɗora wa kwikwiyo jan kaya mai nauyi sai ƙashinsa ya yi ƙwari.

Akwai labarin da yake ƙarfafa mini wannan ra'ayi. Wani mutumin Norway mai suna Sefala, da yake zaune a garin Nom na Alaska, yana da kwikwiyo da aka haifa a 1913. Sunansa Togo, amma ba ruwansa da ƙasar Togo. Sunan wani hafsan sojan ruwa ne na Japan. Togo ya taso ƙarami, mai yawan laulayi, ga fitina. Sefala ya gaji ya ba da shi kyauta, sai ya fasa gilashin taga ya dawo gida. Yana da wata 8 ya tsere ya bi sawun amalanken ubangidansa yana ta tsokanar manyan karnuka. Da Sefala ya rasa yadda zai yi, sai ya ɗaura masa igiyar ja. Nan take ya natsu. A ranar ya yi mil 75, kafin dare kuma yana sahun gaba. Ashe duk fitinar nan aiki yake nema.

A watan Janairu na 1925 cutar mashaƙo ta ɓarke a Nom, hanyar teku ta daskare, magani kuma yana nesa. Mutum 20 da karnuka wajen 150 suka yi ta miƙa wa juna maganin daga garin Nenana, tafiyar mil 674, cikin kwana biyar da rabi. Togo, yana da shekara 12, shi ya ja ragamar ayarin da ya fi kowane yin nisa, wajen mil 260 in an haɗa da tafiyar zuwa taryen maganin. Wani kare mai suna Balto ne ya ƙarasa zangon ƙarshe, shi aka yi wa mutum-mutumi a birnin New York. Amma kwikwiyon nan da aka taɓa yankewa ƙauna a kansa shi ya ɗauki kaso mafi wuya.

Yanzu mu dawo gida. A Kano ko Sakkwato zafin bazara yakan wuce digiri 40. Karen da aka halitta da riga biyu, yaya zai kasance a ɗaure a gindin katanga da tsakar rana? Aske shi ma ba mafita ba ne, domin gashin yana kare fatarsa daga rana. In an hana shi gudu, sai ya haƙa rami, ya tsallake katanga, ya yi ta kuka kamar kyarkeci, ya far wa kajin maƙwabta. Mai neman gadi kuma ya yi asara, don haski bai cika haushi ba, kuma baƙo ma abokinsa ne.

Wani zai ce ai akwai na'urar sanyaya ɗaki. Gaskiya ne, amma wutar lantarki fa? Kuma wa zai tashi kullum da asuba, kafin rana ta ɗaga, ya zagaya da shi har tsawon shekara 12 ko fiye? Mu da muke makarantar kwana, wata uku ba ma gida, wa za mu bar wa wahalar? Mafarautanmu suna da karnuka 'yan ƙasa masu gajeren gashi, waɗanda suka san zafinmu da dajinmu. Kifi a ruwa yake sarki.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in yaro ya nace sai an saya masa haski, a tambaye shi wa zai ba shi inuwa da ruwa mai sanyi, wa zai yi gudu da shi, wa zai yi haƙurin horonsa. Dabba amana ce a hannun wanda ya ɗauke ta. Wanda ba zai iya sauke wannan amana ba, ya kalli hoton karen ya yaba, ya bar shi a ƙasar da ta dace da shi. Allah Ya sa mu gane.