Ɗakin bayan gida a Ingila: Ba kowane gini ne ke ƙara wa gida kuɗi ba

Tun daga ranar 23 ga Maris, 2020, lokacin da Firaministan Birtaniya na wancan lokaci, Boris Johnson, ya umarci jama'a su zauna a gida saboda annobar korona, wani irin gini ya bazu a unguwannin Ingila. Ɗaki ne guda da ake kafawa a filin bayan gida, nesa kaɗan da ainihin gidan, galibi da katako da manyan ƙofofin gilashi. Turawa na ce masa ɗakin lambu. Wasu sun mayar da shi ofis, wasu wurin motsa jiki, wasu kuma wurin karatun yara.

Korona ta wuce, amma kasuwar ɗakunan ba ta mutu ba, domin aiki daga gida ya zauna da gindinsa. Tallan kamfanonin da ke haɗa su ya cika Facebook da Instagram, kuma kusan dukkansu alƙawari ɗaya suke yi: ka gina yau, ranar da za ka sayar da gidan kuɗinka zai dawo har da riba.

Cikin waɗanda tallan ke isa gare su akwai 'yan uwanmu da suka koma Birtaniya a 'yan shekarun nan, likitoci da ma'aikatan jinya da sauransu, waɗanda wasunsu suka fara mallakar gidaje da bashin banki a garuruwa irin su Manchester da Birmingham da Leeds. Ra'ayinmu shi ne, wanda yake buƙatar ɗakin don amfanin kansa ya gina. Wanda kuwa zai gina don ya ci riba ranar sayarwa, to ya dakata ya sake lissafi.

Abu na farko da ya kamata mai gida ya lura da shi shi ne daga ina alƙaluman ribar suke fitowa. Mafi yawan kason da ake yaɗawa, cewa ɗakin zai ɗaga darajar gida da kaza cikin ɗari, daga bakin masu sayar da ɗakunan ne ko dillalan gidaje. Su kuwa kasuwa suke nema.

Wanda maganarsa ke da nauyi ranar ciniki daban ne. A Ingila yawancin masu sayen gida da bashin banki suke saye, kuma banki ba ya ba da kuɗi sai ya tura mai kimanta gida. Shi kuma abin da yake dubawa shi ne nawa aka sayar da gidaje irin wannan a layin ko a unguwar, ɗakunan kwana nawa ne, yaya girman gidan da lafiyar gininsa. Ɗakin katako a bayan gida ba ya shiga lissafin ɗakunan kwana. Gida mai ɗaki uku yana nan a mai ɗaki uku.

A ce mutum ya kashe fam 25,000 a kan ɗakin, ya ɗora wannan kuɗi a kan farashin gidan. Mai saye ya ga ɗakin ya yi masa, ya amince. Idan mai kimantawa ya sanya wa gidan kuɗin da bai kai haka ba, banki zai ba da bashi ne a kan nasa lissafin. Daga nan ko mai saye ya cike giɓin daga aljihunsa, ko mai gida ya rage farashi, ko cinikin ya watse.

Sannan katako yana tsufa. Ɗakin da aka haɗa da bulo a jikin gida yana iya rayuwa tare da gidan, amma na bayan gida yana buƙatar fenti da gyaran rufi, kuma damshin Ingila ba ya raga wa katako. Wanda aka yi da araha, ba a sa masa abin tare sanyi a bango da rufi da daɓe ba, ba ya zaunuwa daga Nuwamba zuwa Maris. Bayan shekara goma mai saye zai kalle shi ne a matsayin aikin da zai kashe wa kuɗi, ko ma tarkacen da zai biya a kwashe.

Akwai kuma batun fili. Gidajen da ke jere manne da juna a tsoffin unguwannin ma'aikata filinsu na baya ɗan kaɗan ne. Iyali mai ƙananan yara filin suke nema tun farko. Idan ɗaki ya cinye shi, mai gida ya kori kaso mai yawa na masu saye da hannunsa.

Inda muka fi jin tsoro ga mutanenmu shi ne tunanin da muke tafiya da shi daga gida. A Abuja da Kaduna da Kano, boyis kwata, wato BQ, dukiya ce. Ana ba da hayarta daban, ana karɓar kuɗin shekara, ko a sauki ƙane ko baƙo a ciki, shi ya sa dillali ke ambatonta tun a layin farko na talla. Mutumin da ya taso da wannan lissafi, da ya ga fili a bayan gidansa a Ingila, abin da zai fara faɗo masa shi ne gado da banɗaki da ɗan haya.

To a can wannan ne ainihin abin da doka ta hana sai da izini. Dokar tsara gine-gine ta Ingila ta 2015 ta yarda mai gida ya kafa ɗaki a filinsa ba tare da neman izini ba, amma da sharuɗɗa. Dole ya zama hawa ɗaya, kuma kada ya kasance a gaban gida. Idan tazararsa da iyakar fili ba ta wuce mita biyu ba, tsayinsa kada ya wuce mita biyu da rabi. Gine-ginen da aka ƙara gaba ɗaya kada su rufe fiye da rabin filin da ke kewaye da asalin gidan. Mafi muhimmanci, amfaninsa ya zama na hidimar gidan ne kawai, kamar ofis ko wurin ajiya, ba wurin zama mai cin gashin kansa ba.

Wannan sassauci bai shafi masu zama a falat ba, haka ma gidajen tarihi da gwamnati ta sa a rajistar kariya. Yankunan Scotland da Wales kuma kowanne da nasa ƙa'idojin.

Baya ga izinin tsarawa, akwai ƙa'idojin ingancin gini, waɗanda su ma daban suke. Ɗakin da bai kai murabba'in mita 15 ba yawanci ba ya buƙatar amincewar hukuma, muddin ba a kwana a ciki. Daga 15 zuwa 30, sai ya kasance aƙalla mita ɗaya daga iyakar fili, ko kuma an gina shi da kayan da ba sa kamawa da wuta. Da zarar an ce za a riƙa kwana a ciki, komai ƙanƙantarsa, ƙa'idojin sun hau kansa. Jan wutar lantarki zuwa ɗakin ma aiki ne da ake son ƙwararren da ke da rajista ya yi, ya ba da takarda.

Kada wani ya ɗauka ba a dubawa. Ƙananan hukumomi a Landan da kewayenta sun daɗe suna farautar rumfunan bayan gida da aka mayar da su ɗakunan haya. A 2013 hukumar garin Slough har jirgin sama ta yi amfani da shi, ɗauke da na'urar gano ɗumi, don gano inda mutane ke kwana a irin waɗannan gine-gine. A da, ginin da aka yi ba izini idan ya shekara huɗu ba a tanka ba, ya tsira. Daga 25 ga Afrilu, 2024, an mayar da wa'adin shekara goma ga duk ginin da aka kammala daga wannan rana.

Ko da maƙwabci bai kai ƙara ba, ranar sayarwa asiri ke tonuwa. Mai sayar da gida a Ingila yana cike wata takardar bayani da ake kira TA6, inda ake tambayarsa gine-ginen da aka ƙara da takardunsu. Lauyan mai saye zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan babu, ciniki zai tsaya, mai saye ya samu hujjar neman ragi. Wanda ya ɓoye gaskiya a takardar kuwa ana iya maka shi a kotu bayan an gama ciniki.

Masu sana'a a gida su ma akwai abin lura. Ribar da mutum ya samu daga sayar da gidan da yake zaune a ciki ba a cika cire mata haraji ba. Amma idan wani sashe na gidan an keɓe shi ga kasuwanci zalla, hukumar haraji ta HMRC na iya neman haraji a kan ribar wannan sashe.

Duk da haka ba mu ce ɗakin ba shi da amfani ba. Idan gidaje biyu iri ɗaya ne a layi ɗaya, ɗaya yana da ɗaki mai kyau, mai ɗumi, mai wuta da intanet da cikakkun takardu, kuma an bar fili isasshe, mai aiki daga gida zai fi karkata gare shi. Saurin samun mai saye ma riba ce ga wanda ke biyan banki duk wata. Kuma magidancin da ya shekara takwas yana aiki a ɗakin, bai biya hayar ofis ba, bai ƙaura zuwa gida mafi tsada ba, ya riga ya mori kuɗinsa ko da farashin gidan bai motsa ba.

Don haka wanda ya yanke shawarar ginawa, kafin ya ba kamfani kafin alƙalami, ya fara karanta takardun mallakar gidansa. Wasu gidajen, musamman a sababbin rukunin gidaje, akwai sharaɗin da ya hana ƙara gini, ko kuma hukuma ta janye musu sassaucin da dokar 2015 ta bayar. Ya nemi ƙaramar hukumarsa ta ba shi takardar shaidar halascin gini; ba dole ba ce, kuma ana biyan kuɗi, amma ita ce ke rufe bakin lauyan mai saye. Ya adana takardar mai aikin lantarki da rasitai, ya sanar da kamfanin inshorar gidansa. Ya kuma tambayi kamfanin da zai yi ginin, a rubuce, ko garantin da suka bayar zai koma kan wanda ya sayi gidan daga baya, domin wasu garantin a kan mai gida na farko kawai suke tsayawa.