DARIYA DA LABARIN ƁARAYI: INA IYAKAR TAKE?

  

Wasu matasa daga Bilbis, ta ƙaramar hukumar Tsafe, sun nemi mu faɗi ra'ayinmu ƙarara game da wasannin barkwanci na talabijin da labaran ɓarayi da ake kallo ko ake karantawa, mu kuma nuna musu wanne za su ɗauka, wanne za su bari. Mun ga ya wajaba mu amsa, domin a yau abin ya wuce akwatin talabijin na gidan mai hali. Yaro zai kai wayarsa wurin mai caji a tura masa fim ashirin, ya kwana yana kallo, alhali mahaifinsa bai san ko sunan ɗaya daga cikinsu ba.

Ɓangare biyu muke jayayya da su. Na farko su ne masu cewa duk dariya da duk ƙagaggen labari haramun ne. Na biyu su ne masu cewa ai wasa ne, kada a tsananta. Duka biyun sun saki hanya.

Ga na farko muna cewa: ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi raha da sahabbansa, sai dai ba ya faɗin komai face gaskiya. Suratu Yusuf kuwa ɗauke take da labarin hassada da makirci da ƙazafi da kurkuku, har da bincike, inda aka duba ta wajen da riga ta yage aka gane mai gaskiya. Saboda haka ambaton laifi a cikin labari ba shi ne aibin ba. Wanda ya haramta komai bai tsare yaro ba, ya dai koya masa kallo a ɓoye.

Ga na biyu, waɗanda su suka fi yawa, su kuma suka fi ɓarna, muna da tambaya biyu kacal. Wa ake yi wa dariya? Wa kuma ya fita da mutunci a ƙarshen labari?

Wa ake yi wa dariya?

Dattawanmu ba su manta da Samanja Mazan Fama ba, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya riƙa gabatarwa a gidan talabijin na NTA Kaduna. Tsohon soja ne, ya san bariki ciki da waje, ya kuma rasu a Nuwamban 2023. A wasansa ana dariyar cika baki da gwamutsa Hausa da Turanci, amma a ƙarƙashin dariyar akwai ɗa'a da kiyaye doka. Haka Kuliya Manta Sabo na Kano ya koya wa talakawa yadda ake tsayawa gaban alƙali, da yadda ƙaryar mai ƙarya ke warwarewa. Irin waɗannan muna ganin uba zai iya zama da 'ya'yansa su kalla ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

To amma dubi mafi yawan camamar da ta cika wayoyi a yau. Malami shi ne maci amana mai kwaɗayin sadaka. Baƙauye shi ne wawa. Mai in'ina da gurgu da makaho su ne abin tsokana. Bafulatani kuwa, in ba sakarai ba ne, to ɓarawo ne. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana mutane yi wa juna izgili da jifa da miyagun laƙubba, kuma ba ta keɓe mai kyamara ba. Za a ce ai Hausawa sun gaji wasan barkwanci, kamar na Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zazzagawa. Gaskiya ne, amma wancan wasa ne na ido da ido, kowa na da damar ramawa, a tashi ana zumunci. Wannan kuwa ɗaya ke magana, ɗaya ba ya wurin. A ƙasar da jini ya riga ya zuba tsakanin maƙwabta, wanda ke koya wa yaro raina wata ƙabila itace yake ƙara wa wutar da ke cin gidansa.

Wa ya fita da mutunci?

Mutumin Bilbis ba ya bukatar a ƙaga masa labarin ɓarayi. Ya san abin da ake nufi da kuɗin fansa, ya san fargabar hanyar Funtuwa zuwa Gusau. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A Satumban wannan shekarar aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a Zamfara saboda 'yan bindiga. A Yulin 2022 aka naɗa wa wani riƙaƙƙen ɗan bindiga rawani a 'Yandoto, garin da tarihi ya sani da malamai, har gwamnati ta dakatar da sarkin. A irin wannan hali ne ake kawo wa yaranmu fim na daba mai kashi hamsin, wanda a kashi arba'in da tara ɗan daba ke da kirari da kuɗi da mata, sannan a kashi na ƙarshe a kama shi a ce an yi faɗakarwa. Wa ake ruɗa? Yaro kirarin yake hardacewa, ba kamun ba.

Hukumar tace finafinai ta Kano ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a Satumban 2021. Mun fahimci dalilinta, amma muna ganin ba ta kama bakin zaren ba. Hana ambaton cuta ba ya warkar da ita, kuma dokar Kano ba ta hana abin da aka ɗora a YouTube isa wayar ɗan Tsafe. Ma'aunin shi ne ɓangaren da labarin ya tsaya.

Shi ya sa muke shawartar matasa su nemi Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, labarin yaron da ya bar ƙauye don ruɗin birni ya faɗa sata, mai karatu yana ganin yadda kowane taki ke jan na gaba. Su nemi Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, na 1982, wanda ya tona yadda fasa-ƙwauri da cin hanci ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ya nuna cewa babban ɓarawo yakan sa babbar riga. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuwa, shi ma na 1982, ba mu musun gwanintarsa, amma zubar da jinin da ke cikinsa ya sa ba mu ga dacewarsa a hannun yara ba.

Daga ƙarshe muna kira ga iyaye da su karɓi wayoyin 'ya'yansu su duba, su kuma zauna su kalla tare da su. Muna kira ga masu tura finafinai da su sani cewa kowace sana'a tana da hisabi. Marubutanmu na Zamfara kuwa, ga labarin da ba a rubuta ba tukuna: na manomin da ya sayar da gonarsa ya fanshi ɗansa, da na matar da aka bar wa marayu. In dai jarumi ake nema, a nan yake.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya shiryi zuriyarmu.