Likita Ya Ce A Rage Ƙiba, To Da Me?

Jama'a, yau za mu ƙetare teku da ku mu leƙa Amurka, ƙasar da a ke cewa dukiya ta yi mata yawa. Maganarmu a kan baƙar fatar can ne, jikokin waɗanda aka kwashe daga Afirka zamanin cinikin bayi, da ciwon da ke cin su a hankali kamar gara, watau ciwon sukari da ƙibar da ke jawo shi.

Lissafin da za mu kawo na hukumar lafiya ta Gwamnatinsu ne, ba mu muka ƙaga ba. A ƙidayar 2017 zuwa 2018, cikin manyan baƙar fata 100, kusan 50 suna da ƙibar da likitoci ke ɗauka ciwo ce, matansu kuwa kusan 57 cikin 100. A 2018 zuwa 2019, kimanin 12 cikin 100 na baƙar fata likita ya tabbatar suna da ciwon sukari, Turawa kuwa 7 da ɗoriya. Kitse in ya taru a ciki, sai jiki ya daina jin insulin, abin nan da ke kwashe sukari daga jini. Sukari ya zauna cikin jini, ya yi ta ɓarna: ido ya dushe, ƙoda ta gaji, ɗan gyambo a ƙafa ya ƙi warkewa har a kai ga yanke ƙafar. Yankan ƙafar nan ma ya fi faɗa wa baƙar fata nesa ba kusa ba.

To, me a ke yi wa mai wannan ciwo? Mace ta zo asibiti, ta yi zaman jira, likita ya duba takarda, ya ce, "Je ki rage ƙiba." Shi ke nan, sai bayan wata uku. Ba wanda ya tambaye ta ko aiki nawa ta ke yi a rana, ko akwai kantin kayan lambu a unguwarsu, alhali a unguwannin talakawa da yawa kantin ɗanyen kaya na nesa, soyayyen abinci da lemon kwalba kuwa ko wace kusurwa. In ta dawo nauyi bai ragu ba, sai a ce ba ta jin magana. Wannan shi ne a doke ka a hana ka kuka.

Kuma ba a ce ba a san hanya ba. A 1996 Gwamnatin Amurka ta soma wani babban gwaji da mutum 3,234 waɗanda ciwon sukari ke gab da kamawa, kusan ɗaya cikin biyar baƙar fata, aka bayyana sakamako a 2002. Wasu aka ba su ƙwayar metformin. Wasu kuwa aka haɗa kowa da mai koyarwa, darasi 16, a rage kashi 7 cikin 100 na nauyin jiki, a yi tafiyar ƙasa da sauri minti 150 a mako. Ku 'yan kasuwa kun san awo: buhun kilo 100 ne za a ɗebe kilo 7. Masu ƙwaya kamuwarsu ta ragu da kashi 31 cikin 100, masu mai koyarwa da kashi 58. Watau mutum mai zama da kai ya fi ƙwaya aiki.

Ba za mu ɓoye ba, cikin gwajin nan matan baƙar fata ba su rage nauyi kamar Turawa ba. Masu neman uzuri sai su ce, to ga shi nan, halinsu ne. A ganinmu rigar da aka ɗinka da awon wani, in ba ta zauna ba, tela za a tambaya.

Ga abin da ya faru a jihar Luwiziyana, sa'ad da aka ɗinka rigar daidai mai ita. An ɗauki mutum 803 masu ƙiba, wasu da ciwon sukari, a ƙananan asibitoci 18 waɗanda yawanci talakawa ke zuwa, kashi biyu cikin uku baƙar fata. A rabin asibitocin aka zaunar da mai koyarwa a cikin asibitin kansa, ya riƙa magana da majinyaci ko wane mako har wata shida, kana sau ɗaya a wata har shekara biyu ta cika, da takardu masu sauƙin karatu. Sauran aka bar su da kulawar da aka saba. Da aka bayyana sakamako a 2020, masu mai koyarwa sun rage kusan kashi 5 cikin 100 na nauyinsu bayan shekara biyu, waɗancan kuwa rabin kashi ɗaya. Mutanen dai su ne, talaucin shi ne. Abin da ya sake kawai shi ne an sami wanda ya san sunanka, ya tambaye ka me aka dafa jiya. Haka ma a birnin Los Anjelis, a gwajin da aka bayyana sakamakonsa a 2018, da aka kai masu haɗa magani shagunan aski na baƙar fata, hawan jinin masu zuwa aski ya sauka ƙwarai.

Yanzu kuma ga allurar rage ƙiba. Wegovy ta fito a 2021, kuma lalle tana aiki, amma kuɗinta a lokacin kusan dala 1,350 ne a wata. A 2025 kamfanin ya sauko wa masu biya daga aljihu zuwa dala 499, wanda har yanzu ya fi ƙarfin mai goge-goge. Banda wannan, dokar lafiya ta 2010, ta zamanin Obama, ta ba jihohi dama su faɗaɗa Medicaid, watau tsarin da Gwamnati ke biya wa talaka kuɗin magani, amma har 2024 jihohi 10 sun ƙi, cikinsu da Misisipi da Alabama, inda baƙar fata su ke jibge. Ku tuna fa, waɗanda suka gano insulin a Kanada a 1921 dala ɗaya ɗaya suka karɓa suka sallama haƙƙinsu.

Abin da mu ke kira a kai ba wani abu mai wuya ba ne. Hukumar da ke biyan kuɗin wankin ƙoda sau uku a mako, da kuɗin yanke ƙafa, ba ta da bakin cewa albashin mai koyarwa ya yi tsada. A zaunar da shi a ko wane asibitin talakawa, a ɗauko shi daga cikin mutanen unguwa, a biya shi daga asusun hukuma, maganin kuma a sa masa kuɗin da talaka zai iya.

Kada wani cikinmu ya ce wannan labarin nesa ne. Ciwon sukari ya shigo garuruwanmu, ya fi kuma son mai yini zaune a rumfa da kwalbar lemo kusa da ƙafa, ga shi mu kan ce tumbi alamar wadata ce. Wanda ya ga ƙishirwa ta yi masa yawa, fitsarin dare ya ƙaru, ya je a auna jininsa. Mai yin allurar insulin kuwa kada ya yanke abinci da ka, sukari na iya faɗuwa ya suma. Ya fara shawartar likita, ya kuma tambaye shi dalla-dalla me zai ci, nawa zai ci, yaushe zai dawo a sake awo.