Zuwa ga Maƙeran Damagaram, a kan Batun Wuƙar Daji

Sarkin Maƙera, ranka ya daɗe. Iyayena da yayyena masu wuni gaban wuta a Birni da Zango da Kasuwar Dole, da na Mirya, Magarya, Matamai, Gure da Tanut, sannunku da aiki.

Ni ba maƙeri ba ne, ban kuma gaji ƙira ba. Mai saye ne. Sai dai mai saye shi ke ganin abin da ke biyo bayan ciniki: ku kun karɓi kuɗi kun koma kan zuga-zugi, shi kuma ya tafi da wuƙar inda ba maƙeri kusa. Don haka a yi mini afuwa in tsoma baki.

Wuƙar da nake nufi ba ta yankan rago ba ce, ba kuma mai naɗewa irin su Okapi da Opinel da samari ke sawa a aljihu ba. Ina nufin wuƙar daji, mai zama cikin kube, wadda makiyayi zai yi wata guda da ita a arewacin Tanut: ya fere sanda, ya ɓare kalgo ya yi igiya, ya yanka kaba, ya feɗe akuyar da ta karye. Ita ce manomin Matamai ke rage rassan ƙananan gawo da ita a gona, ita mai ɗiban ƙaro a ƙasar Gure ke ratayawa, ita direban hanyar Agadas ke lalubowa in roba ta tsinke masa da tsakar dare. Waɗannan su ne kasuwarku. Turawan yawon buɗe ido da ake zana wa wuƙa ado dominsu sun daɗe da ɗauke ƙafa, amma har gobe ina ganin rumfuna cike da wuƙaƙe masu kyawun kallo da ba su iya fere tsinke.

Ba iyawa aka rasa ba. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya riƙe Damagaram daga 1851 zuwa 1884, a garin nan aka zuba igwa. Garin da maƙeransa suka yi igwa bai kamata wuƙar China ta kore shi daga kasuwarsa ba. Ga shi kuwa tana korarsa, musamman in layya ta matso, don tana walƙiya, ba ta tsatsa, ga araha.

Magana ta farko ita ce ƙarfe. Kakanninku tama suke narkawa, ku kuwa juji da garejin mota ne ma'adininku, kuma ba laifi, don sifirin ɗin tsohuwar mota ƙarfe ne na kirki, haka ma tsohon magagari. Laifin yana ga mai ɗauko rodin gini ko guntun ƙofa ya buga ya kira shi wuƙa. Irin wannan ƙarfe ko sau nawa aka tsoma shi a ruwa ba ya ɗaukar tauri yadda ake so, don sinadarin gawayin da ke cikinsa bai kai ba. Ranar farko zai yanka, rana ta biyu baki ya kwanta. Sifirin ma a duba shi: wanda ya sha shekaru yana ɗaukar buhunan gyaɗa da wake yakan ɓoye tsaga siririya, ba ta fitowa sai an gama aiki.

Inda na fi so mu daɗe shi ne wuta, don a nan wuƙa ke samun ranta ko ta rasa shi. Na sha tsayawa ina kallo a maƙera: an gama bugu, ƙarfe ya yi ja har yana neman fari, sai a finciko shi da awartaki a cusa a tukunyar ruwa, cuu, shi ke nan a miƙa wa yaro ya sa ƙota. Wuƙar da aka yi wa haka takan yi tauri, amma tauri mai gautsi. Ta bugi ƙashi, baki ya ɓantale. Ta faɗi kan dutse, ta rabu biyu.

Dattawanku sun san gyaran, gaggawar kasuwa ce ke sa a tsallake. Bayan bugu, a mayar da ruwan wuƙar wuta ya yi ja daidai, a fitar a bar shi ya huce a iska, sau biyu ko uku, don jikin ƙarfen ya kwanta. Sa'an nan a zo ga taurarawa. Ido kan yi ƙarya, balle da rana tsaka a rumfar da haske ke shigowa ta ko'ina. Jan da aka gani da hantsi ba shi ne jan magariba ba. Ga shaidar da ba ta ƙarya: maganaɗisu, ko da na tsohuwar rediyo ne. Ƙarfe in ya kai wajen digiri 770 sai ya daina kama shi. To da ya saki, a ƙara masa ɗan zafi kaɗan a tsoma. Kuma in sifirin ne, a tsoma a mai, ba a ruwa ba, don ruwa kan tsaga shi. Man gyaɗa mai ɗumi ya fi baƙin man mota, wanda hayaƙinsa ke cin ƙirjin mai aiki da na yaron da ke zuga. A goga magagari a bakin: in ya zame bai ci ba, tauri ya samu.

Saura mataki ɗaya, shi aka fi yarwa. A goge wuƙar ta yi haske, a ɗora gadon bayanta kan garwashi marar ƙarfi, a zuba ido. Launi zai fara tafiya daga baya zuwa baki. In bakin ya yi launin busasshen karan gero, wajen digiri 200 ke nan, a ɗauke. In aka bari bakin ya yi shuɗi, an wuce, ta yi laushi. Aikin bai kai shan shayi ɗaya ba, amma shi ke raba wuƙar shekara goma da ta mako guda. Masu injin wasa su ma a ja musu kunne: in dutsen ya ɗumama bakin har ya sake launi, duk wahalar nan ta tafi a banza. A riƙa tsomawa a ruwa.

Siffa ba ta son dogon bayani. Santimita 10 zuwa 12 ya wadatar, kauri wajen milimita 3, kaifi gefe ɗaya, baya a miƙe don mutum ya ɗora yatsa ko ya buga da itace. Mai kaifi biyu ta damtse, irin ta Buzaye da Tubawa, tana da nata gurbin, amma ba ta aikin fira ba ce.

Ƙota kuwa, don Allah a bar wutsiyar ƙarfen ta ratsa ta fito ta ƙarshe a tanƙwashe ta, ko a huda a ɗaure da ƙusa biyu. Ɗan guntun da ake ƙonawa a cusa cikin ɗanyen itace yana riƙe ne zuwa hunturu; iska ta busa, itace ya tsuke ya tsage, wuƙa ta fara girgiza a hannu. A nemi busasshiyar ƙirya ko aduwa. Na san ƙirya ta yi wuya, har gawayinta da kuka fi so sai an sha nema, amma ƙotar wuƙa ba ta cin ko rabin reshe.

Kube aikin dukawa ne, kuma Damagaram ba ta rasa su ba, fatarmu da jimar bagaruwa ta yi suna tun zamanin ayari. Abin da na roƙa shi ne ku kai musu wuƙar kanta su ɗinka a jikinta, kada ku sayi kube ɗari iri ɗaya kuna gwadawa. A sa tsiri na fata mai kauri a gefen kaifi don kada ya ci ɗinkin, kuben kuma ya haɗiye rabin ƙota, don mai hawan raƙumi ko babur ba ya jin faɗuwar wuƙa. Tuntaye da ado su biyo baya.

A ƙasar Suwidin akwai wani ƙaramin gari, Mora, inda masana'anta ke ƙera wuƙa tun 1891. Wuƙarsu ba ta da ado, ba ta da tsada, tsawonta bai fi wanda na faɗa ba, amma masu kwana a daji a Turai da Amurka sun yarda da ita, don ta yau da ta bara duk hali ɗaya, kuma sunan garin na jikinta. Mu a nan mutum kan dace da wuƙa ta gari a kasuwar ranar Alhamis, ta ɓace masa bayan shekara uku, ya dawo kasuwa ya rasa wa zai nema.

Don haka kowane maƙeri ya yi hatiminsa, ko tauraro ne, ko ɗigo uku, ko harafin sunansa da ajami, ya buga kusa da ƙota tun ƙarfe na ja. Wanda ya san alamarsa za ta bi wuƙar har Tasker zai ji nauyin tsallake garwashin nan na ƙarshe. Sarkin Maƙera, ranka ya daɗe, in an zauna taro a ajiye littafi guda a rubuta alamar kowa, don kada biyu su yi karo, kada kuma mai rodi ya ari ta mai sifirin.

Na gaishe ku.
Ɗanku, mai sayen wuƙa daga Zango.